Kaset ɗin da Ya Je Sabha Ya Dawo

Ranar kasuwar Waca ta farko bayan sallar layya ce, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato firamare, ina da shekara goma sha ɗaya a duniya. Ruwan shuka ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ta ƙamshi. Na dawo da yamma yunwa na cina, na jefar da jakar ardwaz da kaye, wato allo da littafin rubutu, a bakin ɗaki, na tsuguna na jawo akwatin kwanon da ke ƙarƙashin gadon kara. Abin da nake yi ke nan kullum kafin in kai fura bakina: in ɗauko kwalin kaset ɗin Babana, in girgiza shi a kunne in ji ƙaras-ƙaras ɗinsa, in mayar. Ran nan na girgiza, shiru. Na buɗe, ga hoton matar nan baturiya tana nan da doguwar rigarta da bakinta a buɗe, amma kaset babu. Gwaggo Dije, yayar mahaifina wadda take riƙona, tana zaune gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗar iri a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "In wannan abin kike nema, na yi wa ɗana Laminu magana a ciki. Mota ta tafi da shi tun hantsi." Na tsaya da kwalin a hannu ina kallon yatsunta suna fasa gyaɗa. Ban yi kuka ba, kuma a nan tsaye na ƙudure cewa sai na rama.

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san mu ba ya gane abin da aka ɗauke mini. Mahaifina ma'aikacin kiwo ne, mai bin ruga-ruga da babur yana yi wa shanu allura, mutanen karkarar Magariya suna ce masa likitan shanu. Yana da sabon aure gwamnati ta tura shi ƙaro ilimi ƙasar Cekoslobakiya, ya bar Innata da cikina. A can birnin Firag takarda ta same shi cewa an haifa masa 'ya, an sa mata Zuwaira. Sai ya sayi kaset sabo, ya sa wani abokin karatunsa ya ɗaukar masa waƙoƙin wata babbar mawaƙiyar ƙasar a fuska ɗaya. A ɗaya fuskar kuma ya zauna a ɗakinsa ya yi mini magana da Hausa, ni jaririyar da bai gani ba. Farkon maganar har yau yana kunnena: "Zuwaira, ga Babanki daga ƙasar sanyi. An ce kin iya kuka, shi ya sa na nemo miki wadda ta fi ki." Daga nan ya yi dariya, ya yi tari kaɗan, ya shiga ba ni labarin matar.

Ya ce irin waƙarta ana ce mata ofera, wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai rera shi ake yi, ko gaisuwa ce ko faɗa ko mutuwa. Ya ce 'yar wani ƙaramin gari ce da bai fi Waca ba, uwarta mai ɗinki ce, wata malamar lakwal ce ta ji ta tana rera waƙa wajen shara, ta nace sai an kai ta Firag. Ta yi shekaru ba a bar ta ta rera komai ba sai koyon numfashi. Da ta ƙware sai duniya ta shiga kiranta, yau tana Biyana, gobe Milan, jibi Faris, har Niyok da Tokyo. Tana tsayawa gaban makaɗa cike da fili, ba lasifika a bakinta, amma muryarta ta tsallake kansu ta isa kujerar ƙarshe. In ta gama, manya su miƙe tsaye suna tafi suna jefa mata furanni. Tana rerawa da harsunan mutane har huɗu ko biyar, amma duk inda ta je sai ta ƙare da na garinsu. "Ita ma 'yar ci-rani ce kamar mutanenmu," in ji shi, "sai dai ita da maƙogwaro take dako." Sau ɗaya tak ya gan ta da ido, daga can ƙololuwar bene inda 'yan makaranta suke tsayawa, ya sa riguna uku saboda sanyi. Ya ce da ta buɗe baki sai ya ji yana zufa.

Ya dawo ina da shekara uku, da wannan kaset da manyato, wato rikodar da ake sa shi a ciki. Muka zauna Magariya a gidan haya mai rijiya a tsakar gida. In ya taso daga aiki bayan la'asar, ya wanke warin shanu daga jikinsa, sai ya shimfiɗa buzu ya kunna, ya ɗora ni a cinya. Yakan kama hannuna ya aza a cikinsa ya ce in ji inda numfashi yake sauka, don daga nan matar take ɗebo muryarta, ba daga wuya ba. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne mai riƙo. Abin da na ji sau biyu ya zauna ke nan, da kalmominsa da muryar mai shi. Ina kwaikwayon mushe, malamin lakwal ɗinmu, har yara su ruga aji suna zaton shi ne, ina kwaikwayon mai tallan nono har mata su fito da ƙwarya. Kafin in kai shekara bakwai na haddace fuskar farko kaf, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. A dandali 'yan mata suka hana ni ba da gaɗa, suka ce ina firgita ƙannensu, suka laƙaba mini Zabiyar Nasara. Amma in gero ya fara ido, kowa gonarsa yake so in je, don in na hau kan suri na saki murya ba tsuntsun da yake saura.

Gwaggo Dije ba ta taɓa ƙaunar kaset ɗin nan ba. Ita ta goyi Babana bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi surfe da daka ta ciyar da shi har ya gama lakwal, don haka ganinsa take kamar ɗan cikinta. A ganinta mace ba ta yin irin wannan kuka sai an yi mata wani abu, kuma namiji ba ya ajiye hoton mace a kwali sai da dalili. Wata rana ta zo mana Magariya, muna zaune ana sauraro, na tambayi Baba me matar take cewa a waƙa ta uku. Ya ce wani take nema da ya tafi, tana roƙo a faɗa masa tana jiransa. Gwaggo ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Ai na faɗa." Daga ranar ta gama yanke hukunci: matar da ya aura ce a can ya baro, kuma kukan nan kiranye ne, asirin da ake yi wa mutum don a jawo shi duk inda yake. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya rantse mata ko sunansa matar ba ta sani ba. Rantsuwar ba ta shiga kunnenta ba. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rame, ya riƙa cewa a kunna masa kaset ɗin yana kwance, sai ta riƙa fita bayan gida tana cewa baturiya tana janye mata ƙane da rana tsaka.

Ya rasu ina da shekara goma. Inna ta gama takaba ta koma gidansu a Dogo-Dogo, dangin uba suka ce ni tasu ce, aka kai ni ƙauyenmu kusa da Waca wurin Gwaggo. Manyato ya zama na gida, kaset kuwa nawa ne, don shi da bakinsa ya faɗa gaban mutane. A lokacin rabin samarin ƙauyen suna ci-rani, wasu Legas, wasu Abijan, wasu Libiya, kuma iyayensu ba su karatu. Saboda haka wasiƙarmu kaset ce. Tsohuwa za ta zo ta zauna gaban manyato ta gyara ɗankwali kamar ɗan yana ganinta, ta gaishe shi, ta faɗa masa wanda ya mutu da wadda ta haihu da abin da akuya ta yi, a naɗe kaset a tsumma a ba direba. Bayan watanni wannan kaset ɗin zai dawo, ɗan ya ɗauki amsarsa a kan maganar uwar. Ni ce mai danna jan maɓalli a gidanmu, don ni kaɗai na san kansa. Ladana shi ne ragowar duwatsun fil, wato batir, da suka yi sanyi. Nakan shanya su a rana kan rufin rumbu su ɗan farfaɗo, ran Juma'a in shiga ɗaki in ji Babana ya kira sunana. Mayar da zaren baya da bik, wato biro, nake yi don kada in ɓata wuta.

Laminu ɗan Gwaggo ne, shi kaɗai Allah ya bar mata cikin bakwai. Taubashina ne, ni 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tsakaninmu sai tsiya da tsokana. Shi yake ce mini mai kukan kura, ni ina ce masa bawana. Ya nemi ta bar shi ya tafi Libiya, ta ce sai bayan ranta. Suka yi wata guda ba su ga-maciji, ran nan aka wayi gari ya bi mota ba sallama. Ta yi fushi, ta ce kada wanda ya ƙara ambatar sunansa a gidan. Fushin bai kai shekara ba, kewa ta kayar da ita. Da ta ji wani direba zai haura Agadas ya miƙa saƙo ga masu shiga Sabha, garin da aka ce yake a Libiya, sai ta shirya yi masa magana.

To, a gidan akwai kaset har uku da suka sha zuwa Legas suna dawowa, suna cikin ƙwarya a kan jere. Ba rashi ne ya sa ta ɗauki nawa ba. Kuma Baba ya ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kaset ɗin tun a Firag, don in an ɓalle su jan maɓalli ba ya dannuwa. Kasuwa ta gaba na gudu daga lakwal na je rumfar mai gyaran rediyo a Waca, na tambaye shi. Bai ɓoye mini ba. Ya ce ta zo da sassafe, ya duba ya ce mata, "Gwaggo, wannan a kulle yake, mai shi ba ya so a taɓa." Ta ce ya buɗe. Ya tauna ƙaro ya toshe ramukan biyu, ta zauna a bayan rumfarsa ta yi magana. Na tambaye shi fuska ɗaya ta yi ko biyu. Ya ce bai lura ba, mutane sun yi masa yawa. Da wannan "ban lura ba" na rayu damina guda.

Ban taɓa yin aiki kamar na wannan daminar ba, kuma ban taɓa yin shiru kamar nata ba. Na yi shuka ina bin bayan Gwaggo ina rufe rami da diddige, na yi cira, na yanko wa awaki ciyawa, na ja wasaki a rijiya har tafin hannuna ya yi kanta. In ta aike ni sai in je, in ta kira ni sai in amsa, amma ko sau ɗaya ban dubi fuskarta ba. Ƙananan ramuwa na yi su da yawa. Na zuba mata gishiri a kunu, na kwance jar akuyarta ta shiga gonar maƙwabci aka yi ta faɗa, na ɓoye mata taba a cikin jinka har kwana uku. Duk ba su sanyaya mini rai ba ko kaɗan. 'Yan mata suna carafke gindin gawo, ni ina gefe ina lissafin tsawon maganar tsohuwa: gaisuwa, kuka, labarin gari, addu'a. Nakan ce wa kaina ba za ta cika fuska biyu ba. In ta cinye baturiyar, wataƙila ta bar mini Baba.

Kaset ya dawo da kaka, ana tsakiyar ɗaurin gero. Gwaggo ta tafi suna Sassumbrum tun jiya, sai la'asar za ta dawo. Da hantsi direba ya tsaya bakin hanya ya miƙo mini ƙullin tsumma ya ce na Dije ne daga Sabha. Na kwance, ga rubutun Babana a jiki da shuɗin bik, ga ƙaron nan ya bushe a ramuka. Na ɗauki manyato, na ɗebi sababbin duwatsun da Gwaggo ta ajiye musamman don wannan rana, na sa cikin kwando na rufe da harawa, na nufi ƙarshen gonarmu inda aka jingine karan gero aka yi bukkar gadi. Na fara da fuska ta biyu. Muryar Laminu ce ta fito. Na saurara har ƙarshe ina jiran ya yi shiru Baba ya ɓullo ta ƙarƙashinsa. Da ya gama sai muryar Gwaggo ta ci gaba, ragowar addu'arta, har zaren ya ƙare maɓalli ya yi ƙas. Ashe ta cika ta har baki. Na juya fuska ta farko, haka. Na sake bin duka biyun daga farko, kunnena manne da lasifika, ko tarinsa ne in tsinta. Ko numfashinsa ba ta bari ba.

Da haka na ji saƙon Laminu sau biyu, ya zauna mini a kai ba da niyyata ba. Ya gaida kowa da sunansa har kurman bakin masallaci. Ya ce yana ɗaukar bulo a wani gini, taliya ta ishe shi, yana mafarkin furarta. Ya ce kada ta sayar da jar akuya, kuma a sake mata jinka kafin ruwa. Ya ce, "Ina mai kukan kura? Ki riƙa yi a hankali, har nan muna jin ki." Ya ce, "Inna, wannan ai rubutun Kawu ne, ba ki kyauta wa yarinyar nan ba." Can wajen ƙarshe, ana jin motoci suna wucewa, ya ce, "Inna, tafiyar da na yi ba sallama tana cina. Ki yafe mini. In kin yafe, ki faɗa a kaset na gaba."

Na san abin da nake yi, ba zan laɓe bayan ƙuruciya ba. Na mayar da zaren farko da bik, na gyara zama, na danna jan maɓalli. Na ja numfashi daga inda Baba ya koya mini, na rera waƙoƙin baturiyar ɗaya bayan ɗaya yadda suke a jere. Da fuskar ta cika na juya, na sake daga farko, na maimaita ta ukun nan har sau huɗu. Tsuntsaye suka watse daga gonaki uku, jar akuya da ta biyo ni tana ta kuka a bakin bukka. Da na gama maƙogwarona kamar an zuba masa barkono, amma zuciyata wasai. Na naɗe kaset a tsummansa, na ƙulle yadda na same shi, na ajiye mata a kan gado.

Bayan la'asar ta dawo ta gani, ta yi guɗa tun ba ta sauke ƙwarya ba. Aka shimfiɗa tabarmi tsakar gida yadda aka saba, mata suka cika, tsofaffi maza suka zauna a zaure suna miƙo kunne. Ta ce, "Zuwaira, zo ki kunna mana yayanki." Na zo na kunna. Da muryar ta tashi, wata mai goyo ta zabura ta yi waje ba takalmi, wata ta kama salati, yara suka fashe da kuka. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ta bi shi! Ta ci ƙanena, ta bi ɗana har Sabha!" Na bar ta a cikin wannan tsoron, ina kallonta, kuma wallahi daɗi nake ji. Sai can cikin waƙar aka ji kukan akuya. Duk ƙauyen ba wanda bai san muryar jar akuyar Dije ba. Idanu suka juyo kaina. Na miƙe na ce, "Ni ce."

Na shirya wa duka, har na sa zane biyu. Ba ta taɓa ni ba. Ta jira mutane suka watse, ta matso kusa, ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta ce, "Kin ji shi kafin ki goge?" Na ce na ji, sau biyu. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ki dawo mini da abin da Babana ya ce, in faɗa miki." Ta tashi ta shiga ɗaki. Kashegari ta sake aika wani kaset, amsa ba ta zo ba. Ta aika na uku. Bayan wajen shekara da rabi wani ɗan Dungas da suka zauna ɗaki ɗaya ya dawo, ya zo ya tsuguna a zaure ya ce zazzaɓi ya ɗauke Laminu wata biyu bayan waccan kakar, an binne shi a can. Kaset ɗin da na rera wa waƙa shi ne maganarsa ta ƙarshe zuwa gida.

Mai hankali zai ce a nan ya kamata in sauko. Ban sauko ba. Na yi kukan Laminu a bayan rumbu har na shiɗe, amma da na shigo na ga Gwaggo sai zuciyata ta sake ƙullewa. Sau uku ta ƙara tambayata abin da ya ce. Na farko ranar sadakar arba'in, ta ce abu ɗaya take so ta sani, ya tafi yana fushi da ita ko kuwa. Na ce na manta. Na biyu ranar da zan tafi kwalej Magariya, tana ɗaure mini ƙunshin ƙuli-ƙuli. Na uku ranar aurena a Damagaram, ta ja ni gefe cikin hayaniya ta ce, "'Yar nan, ko kalma ɗaya." Na gyara mayafina na ce ana jirana. Malamai sun yi mini nasiha, Inna ta turo daga Dogo-Dogo ta ce in ji tsoron Allah. Amsata ɗaya ce: ita ba ta taɓa cewa ta yi mini ba daidai ba. Kuma gaskiya ce, ba ta taɓa faɗa ba. Ita dai tana ganin ta raba zuri'armu da mayya ne.

Na zama malamar lakwal, na haifi 'ya'ya, kwalin nan da hoton suna bina gida-gida. Shekarun baya 'yata ta fari ta ga sunan da ke ƙasan hoton, ta rubuta a wayar salularta, kafin shayi ya huce ga matar nan tana motsi tana rerawa. Duk abin da Baba ya faɗa haka yake: ga ta a Biyana, ga ta a Niyok cikin furanni, ga ta ta tsufa da farin gashi ta koma garinsu tana koya wa yara numfashi. Waƙa ta uku ta zo, na bi ta da baki ban kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Da ta ƙare sai na ga hannuna ya miƙa zai juya fuska ta biyu. Duniya ta adana muryar matar nan a wuri dubu, ta mutum biyu ce kawai ta ɓata, kuma ɗaya daga ciki ni na ɓatar da ita. Na kwana uku ina juya abin, na huɗu na shiga mota zuwa Waca.

Na same ta gindin darbejiyar nan, ta ƙanƙance, tana taunar goro da dasashi. Na gaishe ta, ta dube ni ta yi murmushi ba ta amsa ba. Matar da ke kula da ita ta ce ai kunnen ya tafi tun bara waccan. Na zauna dab da ita na fara, da muryar Laminu, daga sallamarsa. Ta ga bakina yana motsi ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan." Na ɗaga. Ta ce in ƙara. Sai na miƙe tsaye na ɗebo numfashi daga ciki, na saki muryar da take korar tsuntsaye daga gona uku. Na faɗi bulo da taliya, na faɗi jar akuya da jinka, na faɗi "Inna, ki yafe mini" har sau uku. Masu daka suka tsayar da taɓare, tsofaffin da suka san shi suka taru bayan zana suna kuka, unguwa kaf ta ji saƙon Laminu. Da na yi shiru Gwaggo ta kama bakin zanena ta ce, "Ya ce yana lafiya, ko?" Na gyaɗa mata kai. Ta rasu da rani.

Yanzu ba mai naɗe murya a tsumma ya ba direba. 'Ya'yan ƙauyenmu da ke Sabha suna turo magana da safe, uwa ta ji kafin ta sauke koko, jikoki su goge da yamma don salula ta cika. Ni tawa kullum a cike take, 'ya'yana suna yi mini tsiya, amma ban yarda a taɓa ko muryar mai tallan kifi ba. Ban ce na yafe wa Gwaggo ba, ba zan yi ƙarya da girmana ba. In na tuna yatsunta suna fasa gyaɗar nan har yanzu raina yana ɓaci. Sai dai wani lokaci in ina shara nakan ji bakina yana maimaita dariyar Baba da tarinsa, daga nan ya zarce zuwa sallamar Laminu, duka biyun da muryata. Na rama, kuma ramuwar ta fi abin da na nema.